ƘURAR HUNTURU DA TOKAR BOM: TARIHIN NA'URORIN DA KE GADIN ALKAWARIN HANA GWAJIN NUKILIYA



GABATARWA

Wanda duk ya yi hunturu a birnin Zazzau ya san yadda gari kan waye. Mutum ya tsaya a Ƙofar Doka ya duba wajen Tudun Wada, ba ya hangen kome sai hazo, rana ta yi fari kamar faifai, ƙura ta kwanta a kan soraye da rumfunan kasuwa da allunan almajirai. Ganuwar da kakanninmu suka kewaye birnin nan da ita, mai tsawon kimanin mil goma, ta tare mahaya da maharba shekaru aru-aru, amma ƙura ba ta taɓa neman izinin mai tsaron ƙofa ba. Tun fil azal ba wanda ya damu da wannan, don kuwa iyakar ɓarnarta mura da tari da kaushi. Sai a hunturun 1960 mutanen ƙasar nan suka dubi ƙurar da suka saba da ita suka tambayi kansu, shin me ke cikinta?

Abin da nake so in yi a wannan lacca shi ne in bi tarihin wannan tambaya, da na'urorin da aka ƙera don amsa ta, da kuma yadda alkawarin manyan ƙasashe na daina gwajin bom ya rataya a wuyan waɗannan na'urori. Ni malamin harshe ne, saboda haka zan fara da daidaita kalmomi. Abin nan da ke fita daga wasu ma'adinai, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa, amma yana ratsa jiki ya yi lahani, zan kira shi tururin nukiliya, kamar yadda gidajen rediyo suka saba. Burbushin da bom kan watsa sama, iska ta kwashe shi ta zubar a wata ƙasa, zan kira shi tokar bom.

ASABAR ƊIN RAGGAN

Ranar Asabar 13 ga Fabrairu 1960, a tsakiyar watan Sha'aban na Hijira 1379, da hantsi bai ko ɗaga ba, Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a kan wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100, kusa da garin Raggan a hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya kai na tan dubu 70 na nakiya, watau ya ninka wanda aka jefa wa Hiroshima fiye da sau huɗu. Tsakanin wurin da Zariya akwai kimanin kilomita 1,900.

Raggan ba baƙon wuri ba ne ga ƙasar Hausa. Yana ƙarshen kudu na yankin Tuwat, inda a da ayarin fatake kan yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Agadas da Katsina da Kano. Daga Tuwat ɗin nan ne Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili ya taso ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, can kuma ya koma ya rasu, kabarinsa yana nan har yau. To, ƙasar da ta aiko mana da malamai da littattafai ita ce Faransa ta ce kufai ce, ba kowa a cikinta, alhali kuwa dubban mutane na zaune a dausayoyinta.

Ba a yi shiru ba. A watan Satumba 1959 Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi London ya kai kukan Nijeriya ga gwamnatin Ingila, domin a lokacin ba mu sami mulkin kai ba, ba mu da bakin magana a waje sai ta hannunta. A watan Nuwamba na wannan shekara Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartas da shawara yana roƙon Faransa ta fasa niyyarta, amma Ingila da Amurka suka jefa ƙuri'ar ƙin amincewa. A watan Disamba wata ƙungiyar masu zanga-zanga, cikinsu har da Fada Michael Scott da Ba'amurken nan Bayard Rustin, ta tashi daga Ankara da motoci da nufin ta je ta zauna a filin gwajin, sai jami'an Faransa suka tare ta a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Da aka fasa bom ɗin, Kwame Nkrumah ya sa aka riƙe dukiyar kamfanonin Faransa da ke Gana.

Faransa ta sake gwaji ran 1 ga Afrilu, ta kuma ran 27 ga Disamba 1960. A wannan karo na uku Nijeriya ta riga ta sami 'yancinta. Ran 5 ga Janairu 1961 gwamnati ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, sa'a 48 ya bar Ikko, ta kuma hana jiragen sama da na ruwa na Faransa sauka a ƙasar nan. Hanin jirage bai daɗe ba, don ya fi cutar da maƙwabtanmu irin su Nijar da Cadi da Dahome, waɗanda kayansu ke bi ta tashoshinmu, amma an yi shekaru kafin a maido da hulɗar jakadanci. Jimlar gwaje-gwajen Faransa a Aljeriya 17 ne: huɗu a sarari a Raggan, 13 kuma a cikin ramukan dutse a In Ekker, daga 1961 zuwa 1966.

WA YA RIƘE MUDUN?

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Faransa ta ce ba wata toka mai lahani da za ta iso ƙasashen baƙar fata. Mutanenmu suka ce hunturu daga hamada yake zuwa. Wa zai raba gardama? Magana ba ta iya raba ta, sai awo.

Kayan awon wancan zamani ba su da wuyar bayani. Akwai takarda mai danƙo da akan shimfiɗa a sarari ta kwana tana kama ƙura. Akwai mazubi na tarar ruwan sama. Akwai famfo mai zuƙo iska ta cikin matata. Sai a ɗauki abin da aka tara a kai shi gaban na'urar da Hans Geiger da Walther Müller suka kyautata a Jamus a 1928. Ita wannan na'ura bututu ne cike da wata iska, da siririyar waya a tsakiyarsa mai ɗauke da lantarki. Duk sa'ad da tururin nukiliya ya ratsa bututun sai lantarki ya yi tsalle, na'ura ta yi ƙas. Yawan ƙas-ƙas a minti ɗaya shi ne yawan tururin.

A Nijeriya an kafa kwamitin masana na haɗin gwiwa da Ingila, aka dasa tashoshin tarar ƙura a wasu garuruwa na Arewa da na Kudu. A Gana malaman kimiyya na Kwalejin Jami'a da ke Legon suka yi nasu awon. Na'urori suka nuna tururi ya ƙaru a iskar Afirka ta Yamma bayan gwajin farko, hukumomi kuma suka ce bai kai matsayin da zai yi lahani ba. Mai yiwuwa ne gaskiyarsu, amma dubi halin da muke ciki a lokacin. Na'urar ta Ingila ce, masanin da zai fassara lissafin na Ingila ne, Ingila kuwa ita ma ta fasa nata bama-bamai a Ostareliya da tsibiran tekun Pasifik. Wanda ya je cin kasuwa ba da mudunsa ba, dole ya karɓi abin da ma'auniya ta ce.

Sai a 2014 wata jaridar Paris ta buga taswirar da sojan Faransa suka zana tun 1960 suka ɓoye. Taswirar ta nuna tokar bom ɗin farko ta isa Fort Lamy, watau Njamena ta yau, kwana ɗaya bayan gwajin, ta bazu a kan Afirka ta Yamma, kafin mako biyu kuma ta taɓa gaɓar Sifen da tsibirin Sisili. Ashe masu bom ɗin sun auna, sun sani, suka yi gum har shekara 54.

YADDA AWO YA ZAMA ƊAN LEƘEN ASIRI

Bari mu koma baya kaɗan mu ga yadda manyan ƙasashe suka gane amfanin wannan awo. Amurka ta yi gwajinta na farko ran 16 ga Yuli 1945 a asirce. Ba da daɗewa ba kamfanin Kodak ya ga fim ɗinsa yana lalacewa da ɗige-ɗige tun yana cikin kwali. Da masanin kamfanin ya bincika, sai ya tarar kwalin ne ke ɗauke da tokar bom, wadda ta faɗa kogin da masana'antar kwalin ke ɗibar ruwa, fiye da mil dubu daga wurin gwajin. Wannan ya nuna bom ba ya fashewa a sarari ya ɓuya.

Ran 29 ga Agusta 1949 Rasha ta fasa nata a Kazakistan, ba ta gaya wa kowa ba. Ran 3 ga Satumba wani jirgin saman Amurka na duba yanayi, mai ɗauke da matatar takarda, ya kwaso tokar a kan tekun Pasifik. Masana suka tace ta, suka gano irin bom ɗin da kusan ranar da aka fasa shi, Shugaba Truman ya sanar wa duniya ran 23 ga Satumba.

Asirin wannan bincike shi ne kowane burbushi yana da tsawon ransa. Masana suna lissafi da abin da zan kira rabin rai, watau lokacin da rabin burbushin kan ɗauka kafin ya mace. Na aidin mai lamba 131 kwana takwas ne. Na sisiyam 137 shekara 30. Na sitironshiyam 90 kimanin shekara 29, shi ne kuma mai bin ciyawa ya shiga nonon saniya ya zauna a ƙashin yara da haƙoransu. In an gwada yawan mai gajeren rai da na mai dogon rai a cikin toka ɗaya, sai a san ranar da aka haife su, kamar yadda Bafillace kan dubi haƙoran sa ya faɗi shekarunsa.

Bayan gwajin Amurka na 1 ga Maris 1954 a tsibirin Bikini, wanda tokarsa ta zubo wa masunta 23 na Japan har ɗayansu ya mutu, duniya ta ɗauki kuka. Firayim Ministan Indiya Nehru ya nemi a tsai da gwaji. A 1958 masana na Gabas da na Yamma suka zauna a Janiba don su duba ko za a iya kama mai saɓa alkawari. Suka ga gwajin sarari da na ruwa ba wuyar kamawa. Na ƙarƙashin ƙasa shi ne matsala, domin na'urorin jin motsin ƙasa na lokacin ba su iya rarrabe ƙaramin bom da girgizar ƙasa ta Allah da Annabi. Sai an je wurin an duba. A nan aka cije: Khrushchev ya ce ya yarda da ziyarar bincike biyu ko uku a shekara, Kennedy ya sauko har bakwai, ba wanda ya ƙara matsawa. Saboda haka yarjejeniyar da Amurka da Rasha da Ingila suka sa wa hannu a Mosko ran 5 ga Agusta 1963 ta hana gwaji a sarari da cikin ruwa da can samaniya, ta bar na ƙarƙashin ƙasa. Iyakar abin da na'ura ke iya gani, nan alkawari ya tsaya. Faransa da Sin ba su sa hannu ba. Faransa ta ci gaba da gwajin sarari a tekun Pasifik har 1974, Sin kuma har 1980.

Ga misali ɗaya na abin da ƙarancin awo kan jawo. Ran 22 ga Satumba 1979 wani tauraron ɗan'adam na Amurka ya hango walƙiya biyu a jere, irin ta bom, a tekun da ke kudu da Afirka ta Kudu. Aka aika jirage neman toka, ba su samo abin da zai kashe bakin kowa ba. Masana da yawa sun tafi a kan cewa gwaji ne, ana kuma zargin Isra'ila da gwamnatin wariyar launin fata, amma har yau ba ƙasar da ta amsa.

KUNNUWA HUƊU

Aka yi shekara 33 kafin a cike giɓin 1963. Ran 24 ga Satumba 1996 aka buɗe yarjejeniyar hana kowane irin gwaji, ko'ina ne. Abin da ya sa ta yiwu shi ne na'urori sun ci gaba. Yarjejeniyar ta tanadi tashoshi 321 da ɗakunan bincike 16 a faɗin duniya, duk suna aika rahoto zuwa cibiya ɗaya a birnin Biyana na Ostiriya. Tashoshi 170 suna sauraron motsin ƙasa, 11 suna sauraron cikin teku, 60 suna sauraron rugugin iska wanda kunnen mutum ba ya ji, 80 kuma suna sansanar iska don neman tokar bom. Uku na farko suna iya cewa wani abu ya fashe a wuri kaza da ƙarfe kaza. Ta huɗun ce kaɗai ke iya shaida cewa abin na nukiliya ne, ba nakiyar masu fasa dutse ba.

Ga yadda tashar sansanar iska ke aiki. Famfo yana zuƙo iska ta cikin matata dare da rana, aƙalla ma'aunin mita 500 a kowace sa'a. Bayan sa'a 24 sai a cire matatar a matse ta ta zama kamar ƙwayar ƙuli-ƙuli mai faɗi. A ajiye ta kwana ɗaya don tururin da ke cikin iska tun asali ya lafa. Sa'an nan a ɗora ta kwana ɗaya a kan wani dunƙulen ma'adini mai suna jamaniyam, wanda aka sanyaya ƙwarai aka kewaye da darma. Na'urar Geiger ƙirga kawai take yi, kamar mai tsaron ƙofa da ke lissafa masu shiga cikin duhu. Ta jamaniyam kuwa tana gane kowane burbushi da irin ƙarfin tururinsa, ta faɗi sunansa da yawansa.

Bom ɗin ƙarƙashin ƙasa yakan narkar da dutse ya rufe tokarsa. Amma yana haifar da wata iska mai suna zinon, wadda ba ta haɗuwa da kome, sai ta bi tsagar dutse ta sulale. Yarjejeniyar ta tanadi 40 daga cikin tashoshin nan 80 su riƙa tace ta. Da Koriya ta Arewa ta yi gwajinta na farko ran 9 ga Oktoba 2006, tashar Yellowknife a Kanada ta shaƙi zinon bayan kamar mako biyu, masana yanayi suka bi sawun iskar baya har zuwa Koriya. A gwajin Fabrairu 2013 sai bayan kwana 55 tashar Takasaki ta Japan ta kama shi. Duk gwaje-gwaje shida na Koriya, daga 2006 zuwa 2017, ba wanda ya kuɓuce wa na'urorin jin motsin ƙasa. Aikin yana da nasa ruɗani, don masana'antun da ke haɗa magungunan nukiliya na asibiti su ma suna sakin zinon, sai an yi hattara kada a ɗora wa mai magani laifin mai bom.

Maƙwabciyarmu Nijar tana cikin wannan tsari. A Torodi, kudu maso yamma da Yamai, akwai ɗaya daga cikin manyan tashoshin jin motsin ƙasa guda 50, yarjejeniyar kuma ta ba ta tashar sansanar iska a yankin hamada. Daga 2013 zuwa 2021 shugaban hukumar ta Biyana ɗan Afirka ta Yamma ne, Lassina Zerbo na Burkina Faso. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar a 2001, amma ba a ba ta tasha ko ɗaya ba.

ZARIYA DA NATA MUDUN

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, shekara biyu bayan Raggan. A yau a Samaru akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, inda aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Nijeriya a 2004, ƙirar Sin, mai ƙarfin kilowat 30. Aikinta bincike: akan sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a cikinta, a fito da shi a ɗora a kan na'urar jamaniyam, irin wadda na bayyana ɗazu, a karanta abin da ke cikinsa. Da fari makamashinta yuraniyam ne mai tsananin tacewa, kashi 90 cikin 100, irin wanda ake iya ƙera bom da shi. A 2018 aka sauya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Watau abin da muka rasa a 1960, na'ura da masanin da zai karanta ta, yanzu yana nan mil kaɗan daga Ƙofar Doka.

Awo kuwa ba ya son kai. A Fabrairu 2021 ƙurar hamada ta tsallake teku ta rina dusar ƙanƙara a duwatsun Faransa, wata ƙungiyar masu awo ta can ta sami sisiyam 137 a cikinta, jaridu suka ce abin da Faransa ta shuka ne ya biyo ta gida. Amma binciken da aka buga a 2025 a kan ƙurar Maris 2022 ya nuna burbushin da ke cikinta ya fi kama da na manyan gwaje-gwajen Amurka da Rasha, waɗanda tokarsu ta game duniya, yawansa kuma bai kai na lahani ba. Haka nan masana yanayi sun nuna mafi yawan ƙurar hunturunmu daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, arewa maso gabas da mu, Raggan kuwa tana arewa maso yamma. Wannan bai wanke Faransa daga abin da ta yi wa mutanen Tuwat ba, bai kuma ƙaryata taswirar sojanta ba. Abin da yake koya mana shi ne mai neman gaskiya da awo dole ya karɓi sakamakon ko da bai yi masa daɗi ba.

KAMMALAWA

Yarjejeniyar 1996 ba ta fara aiki a shari'ance ba har yanzu, domin sai ƙasashe 44 da aka lissafa sun tabbatar da ita. Amurka da Sin da Masar da Iran da Isra'ila sun sa hannu ba su tabbatar ba. Indiya da Pakistan da Koriya ta Arewa ba su ma sa hannu ba. Rasha ta janye tabbacinta a Nuwamba 2023, a ƙarshen Oktoba 2025 kuma Shugaba Trump ya yi maganar Amurka za ta koma gwaji. Afirka dai ta yi nata: yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makaman nukiliya a nahiyar, an sa mata hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009.

Ina da roƙo biyu. Ga ma'aikatan gwamnati, ku tuna na'urar awo tana bukatar lantarki marar yankewa da kuɗin gyara da ma'aikaci mai albashi, kuma ranar da za a neme ta ba ta yin sallama. Ga ɗalibai, musamman na sashen harsuna, a 1960 an gaya wa talakan birnin nan ya kwantar da hankalinsa, ba a bayyana masa abin da aka auna ba, don ba a tanadi kalmomin da za a yi bayanin da su ba. Kalmomin da na yi amfani da su yau gwaji ne kawai. Ku zauna da 'yan'uwanku na sashen kimiyya ku gyara su, ku samo waɗanda suka fi su, yadda in wata rana an sake tambayar abin da ke cikin ƙura, za a amsa wa manomi da mai tallar nono da harshen da suke ji.

Allah ya kiyashe mu da sharrin abin da hannuwanmu suka ƙera.